Mabuɗi Na Biyu a Hannun Wa? Zaɓen Hanyar Kulle Faifan Kwamfuta Tsakanin Tsare Sirri da Haɗarin Asarar Bayanai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi manyan hanyoyi huɗu da ake kulle faifan ajiyar kwamfuta da su a yau, wato BitLocker da FileVault da LUKS da VeraCrypt. Hujjarta ita ce ƙarfin lissafin da ke sakaya bayanai ya daina zama abin da ke bambanta waɗannan hanyoyi, domin dukkansu a kan tubali ɗaya aka gina su. Abin da ke bambanta su shi ne inda kowacce take ajiye mabuɗin ceto, da kuma wanda ke iya kai hannu gare shi. Maƙalar ta nuna cewa kullewa ba ta ƙara wa faifai saurin lalacewa, tana dai tattara haɗarin asara ne gaba ɗaya a ɗan ƙaramin wuri, kuma yadda muke sayen kwamfuta da gyara ta da gadonta yana sa wannan wuri ya fi rauni fiye da yadda masu ƙirar suka zata.

Gabatarwa

Mutane da yawa, har da masu ilimi, sun ɗauka kalmar sirrin da suke bugawa idan sun kunna kwamfuta ita ce ke tsare musu bayanansu. Ba haka ba ne. Wannan kalma ƙofar babbar manhaja kawai take tsarewa. Idan faifan ba a kulle yake ba, duk wanda ya kwance kwamfutar, ya zare faifan, ya sa shi a ɗan akwatin da ake jonawa ta USB, zai karanta komai kamar filas ne aka miƙa masa, ba tare da an tambaye shi ko harafi ɗaya ba. Aiki ne da yaron shagon gyara ke yi kafin shayinsa ya huce.

Tarihi ya nuna tsadar wannan rashin sani. A watan Mayun 2006 aka sace laftof da faifan waje daga gidan wani ma'aikacin hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka, ɗauke da bayanan mutum miliyan 26.5, ba a kulle ba. An gano na'urorin daga baya, amma duk da haka sai da hukumar ta amince a 2009 ta biya dala miliyan 20 don kashe shari'ar da aka kai ta. Kafin wannan, a 2003, Simson Garfinkel da Abhi Shelat na jami'ar MIT sun wallafa sakamakon sayen tsofaffin faifai 158 da suka yi a kasuwannin gwanjo: 12 kacal aka goge yadda ya kamata, sauran kuwa an tsinci takardun asibiti da wasiƙu da dubban lambobin katin banki a cikinsu. A 2009 kuma ɗaliban aikin jarida daga Jami'ar British Columbia ta Kanada, suna binciken tarkacen kayan lantarki da ake jibgewa a Gana, suka sayi wani faifai a kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka. Irin kasuwannin da mu ma muke sayayya a cikinsu ke nan, kuma namu faifan can suke ƙarewa idan mun sayar ko mun yi musanye.

Saboda haka ba na cikin masu cewa a bar kullewa. Amma akwai ɗaya ɓangaren. Stefan Thomas, wani masanin manhaja da ke zaune a San Faransisko, labarinsa ya bazu a farkon 2021: yana da bitkoyin 7,002 da mabuɗansu ke cikin filas ɗin IronKey, wanda ke rufe kansa har abada bayan kuskure goma. Takardar da ya rubuta kalmar sirrin ta ɓace, kuma ya riga ya ƙone gwaji takwas. Na'urar ba ta yi kuskure ba, abin da aka ƙera ta don shi ta yi. Ba ta san mai ita ba, kalmar kawai ta sani. Tsakanin waɗannan labarai iri biyu zaɓin yake.

Inda haɗarin yake taruwa

Kusan duk manhajojin kulle faifai na yau da AES suke aiki, tsarin da Joan Daemen da Vincent Rijmen 'yan ƙasar Beljiyam suka ƙirƙira, wanda hukumar NIST ta Amurka ta tabbatar da shi a 2001. Galibi ana amfani da shi ne a salon XTS, wanda aka tsara musamman don faifai. A kan ƙarfinsa babu dogon zance. A 2008 'yan sandan Barazil suka kwashe faifan wani ɗan banki mai suna Daniel Dantas waɗanda aka kulle da manhajar TrueCrypt, suka kasa buɗewa, suka aika wa FBI, ita ma ta yi kusan shekara guda tana fama ta mayar da su a rufe.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne kalmar sirrin mutum ba ita ce ke kulle bayanansa kai tsaye ba. Ranar da aka fara kulle faifai, manhajar tana haifar da wata doguwar lamba ta kan-mai-uwa-da-wabi, wadda ba mutumin da ya zaɓe ta, ba kuma wanda zai iya haddace ta. Wannan ce uwar mabuɗi, da ita ake sakaya kowane yanki na faifan. Sai a sake kulle ita uwar mabuɗin da kalmar sirrin mai kwamfuta, a ajiye ta a wani ɗan fili a goshin faifan. Shi ya sa canza kalmar sirri ba ya ɗaukar ko minti ɗaya: uwar mabuɗin kawai ake sake naɗewa, ba a taɓa sauran faifan.

Daga nan abubuwa biyu ke fitowa, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko, lalacewar da ta sami tsakiyar faifai ba ta yaɗuwa. A salon XTS, idan ɗigo ɗaya na bayani ya gurɓata, bayit 16 ne ke lalacewa tare da shi, sauran na nan lafiya. Maganar da ake yi a shagunan gyara cewa kullallen faifai da zarar ya sami tabo ɗaya ya tafi ke nan, ba daidai ba ce. Na biyu kuwa, lalacewar da ta sami goshin faifan ita ce mai kisa. Idan wannan ɗan fili ya tafi, sanin kalmar sirri ba shi da amfani, domin abin da za ta buɗe ne babu.

LUKS ya fi kowa fito da wannan fili. Clemens Fruhwirth, wanda ya tsara shi a 2004, da gangan ya sa a riƙa faɗaɗa uwar mabuɗi ninki 4,000 kafin a rubuta ta a faifai, ta yadda sai an sami dukkan sassan cif-cif sannan za a iya haɗa ta. Mabuɗi mai bayit 64 sai ya koma bayit 256,000, kuma ɓacin kaɗan daga ciki ya isa ya kashe shi. Manufarsa ita ce idan mutum ya so hallaka mabuɗinsa, ya hallaku da gaske, kada masu binciken ƙwaƙwaf su tono ragowarsa. Amma wannan dabarar ba ta bambance mai gogewa da niyya da mai gogewa bisa kuskure. Mutum ya jona faifan Linux a kwamfutar Windows, ta nuna masa ba ta gane shi ba, ta tambaye shi ko a shirya shi, ya danna amincewa, ko kuma wata manhajar rarraba faifai ta rubuta wani abu a farkonsa: cikin daƙiƙa guda aikin shekaru ya koma hayaniyar lambobi.

A faifan da ba a kulle ba, irin wannan kuskure yana da magani. Ko an yi masa fomatin, manhajoji irin su PhotoRec suna bin faifan yanki-yanki suna gane hoto da takarda ta hanyar alamomin da ke farkonsu. Gidan ƙasa ne: idan makulli ya ɓace, mai gida na iya huda katanga ya shiga, ɓarawo ma haka. Kullewa tana mayar da katangar ta ƙarfe ga su biyun. Kuma faifai suna mutuwa ko an kulle ko ba a kulle ba. Binciken da injiniyoyin Google suka gabatar a 2007 a kan faifai sama da 100,000 ya nuna kashi 1.7 cikin ɗari na mutuwa a shekarar farko, adadin kuma ya haura kashi 8 a faifan da suka kai shekara uku. Wannan a ɗakunan da ke da sanyi da tsayayyar wuta ne, balle faifan da ya gama aikinsa a Turai kafin ya iso hannunmu, ya haɗu da zafin bazara da ƙurar hunturu da wutar da ake ɗaukewa ana kawowa.

Hanyoyi huɗu da inda kowacce ke ajiye mabuɗi

BitLocker ya zo ne tare da Windows Vista, kuma shi ne ya fi shafar jama'armu, don haka zan daɗe a kansa. Ƙarfinsa shi ne sauƙi. Yana damƙa mabuɗin ga wata ƙwayar tsaro da ke jikin bod, mai suna TPM, wadda ke duba yadda kwamfutar ta tashi, idan ta ga komai yana nan yadda ta san shi sai ta saki mabuɗin ba tare da mai kwamfuta ya ma sani ba. Yana kuma ajiye bayanan mabuɗinsa a wurare uku a faifan, don haka ya fi LUKS jure tabo. Amma idan aka sabunta manhajar BIOS, ko aka taɓa saitin tashi, ko aka canza bod, ko aka kai faifan wata kwamfutar, ƙwayar tana iya ƙin sakin mabuɗin. Sai shuɗin allo ya bayyana yana neman lambobi 48, rukuni takwas, shida-shida.

Ina waɗannan lambobi suke? A kwamfutar gida, galibi suna cikin asusun Microsoft da aka fara shiga da shi. Tun daga sabuntawar Windows 11 ta ƙarshen 2024, wadda ake kira 24H2, kamfanin ya sassauta sharuɗɗan na'ura, ta yadda sabon girki a kwamfutoci masu yawa yake kulle faifai da kansa da zarar an shiga da asusu, har a nau'in Home. Ta fuskar asara, wannan tanadi ne mai kyau, domin mabuɗin yana wani wuri da wuta ko ɓarawo ba za su kai ba. Ta fuskar sirri kuwa, ma'anarsa ita ce akwai kamfanin da ke riƙe da mabuɗin, wanda kotun ƙasarsa ke iya umartarsa ya miƙa, kuma duk wanda ya ƙwace asusun ya sami mabuɗin. Ga mai tsoron ɓarawon laftof wannan ba damuwa ba ce. Ga ɗan jarida mai binciken manya, ita ce damuwar.

Ko manyan ma'aikatu ba su tsira ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Gyaran ba wuya: a shiga, a goge fayil ɗaya. Amma a kullallen faifai sai an buga lambobi 48 na kowace kwamfuta da hannu kafin a shiga, kuma wasu ma'aikatun sun tarar cewa sabar da suka adana mabuɗan ita ma tana cikin waɗanda suka faɗi.

FileVault na Apple, a siffarsa ta yanzu, ya fara ne a 2011. Har zuwa 2025 yana ba mutum zaɓi a fili: ko ya bar ceto a hannun asusun iCloud, ko ya karɓi mabuɗi mai haruffa da lambobi 24 ya adana da kansa. Abin lura shi ne a Mac ɗin da ke da ƙwayar T2 ko injin Apple na 2020 zuwa yau, bayanan a sakaye suke da mabuɗin da ke ɗaure da ƙwayar, kuma a laftof ɗinsu ma'ajiyar a like take da bod. Idan bod ya ƙone babu faifan da za a zare a kai wani wuri.

LUKS na masu Linux ne, kuma ba ya aika mabuɗi ko'ina. Tsohon nau'insa yana da gurbin kalmar sirri takwas, sabon da ya fito a 2017 yana kaiwa 32, yana kuma amfani da Argon2, wanda ke tilasta wa mai gwada kalmomi kashe ƙwaƙwalwar na'ura mai yawa a kowane gwaji. Waɗannan gurabe alheri ne da ba a cika amfani da shi ba: mutum na iya sa kalmarsa ta yau da kullum a ɗaya, ya sa wata doguwa a na biyu ya rubuta a takarda ya adana. Sabon nau'in yana ajiye kwafi biyu na bayanan goshi, amma guraben mabuɗan kansu kwafi ɗaya ne. Akwai umarni guda da ke kwafe goshin gaba ɗaya zuwa fayil ɗin da bai wuce megabayit 16 ba, kuma ni a ganina duk wanda ya kulle faifai da LUKS bai yi wannan kwafi ba, bai gama aikin ba.

VeraCrypt, wanda Mounir Idrassi ya fara a Faransa a 2013, magajin TrueCrypt ne, wanda masu shi suka yi watsi da shi kwatsam a watan Mayun 2014. Binciken ƙwararru da aka kammala a 2015 bai sami wata ƙofar baya a TrueCrypt ba, kamfanin Quarkslab kuma ya binciki VeraCrypt a 2016, aka gyara abubuwan da ya gano. Fa'idarsa ita ce yana aiki a Windows da Mac da Linux, don haka ya dace da faifan waje, yana kuma ajiye kwafin goshi a ƙarshen faifan. Shi ne kuma mai ɓoyayyen ɗaki, wato kulli a cikin kulli, inda kalma ɗaya ke buɗe bayanan da ba su da illa, wata kuma ta buɗe na gaske. An yi wannan ne don wanda za a tilasta wa ya buɗe, kuma tilastawar ba tatsuniya ba ce: a Birtaniya, tun 2007, ƙin miƙa mabuɗi bayan umarnin hukuma na iya kai mutum gidan yari shekara biyu, ko biyar idan batun tsaron ƙasa ne. Sai dai ɓoyayyen ɗakin yana zaune ne a filin da ɗakin waje ke gani a matsayin fanko. Wanda ya zuba fayiloli a ɗakin waje bai kunna kariya ba, a kan na ciki yake rubutu. Ban ga dalilin ba wa talakan mai amfani shawarar wannan dabara ba.

Game da faifan da ke kulle kansu da kansu, gargaɗi ɗaya ya isa. A 2018 Carlo Meijer da Bernard van Gastel daga Holan suka nuna cewa a wasu faifan SSD na Crucial da Samsung ana iya kaiwa ga bayanai ba tare da kalmar sirri ba. BitLocker a lokacin yana sakar wa irin waɗannan faifai aikin, sai a 2019 Microsoft ta daina yarda da su kai tsaye.

Abin da kullewa ba ta tsarewa

Kulle faifai yana aiki ne a kan kwamfutar da ke kashe. Da ta tashi aka shiga, mabuɗin yana cikin ƙwaƙwalwarta, kuma ƙwayar cuta ko manhajar masu garkuwa da bayanai tana ganin duk abin da mai ita ke gani. Jami'an FBI da suka kama wani mutum mai suna Ross Ulbricht a wani ɗakin karatu a San Faransisko a watan Oktoban 2013 ba su fasa lissafi ba, hankalinsa suka ɗauke suka fizge laftof ɗin yana buɗe. Masu bincike a Jami'ar Princeton sun nuna a 2008 cewa ana iya tsamo mabuɗi daga RAM jim kaɗan bayan yanke wuta, musamman idan an sanyaya shi. A 2024 kuma wani mai bincike ya nuna yadda ya saurari mabuɗin BitLocker yana wucewa daga TPM zuwa injin wani tsohon laftof cikin daƙiƙa 43 da na'urar Raspberry Pi Pico mai arha. Maganin waɗannan biyun na ƙarshe sananne ne: a ƙara lambar PIN kafin tashi, kuma mai tafiya ya kashe kwamfuta gaba ɗaya maimakon rufe murfi kawai. Amma kowace PIN ƙarin abin mantawa ce.

Yanayinmu

Masu ƙirar BitLocker sun ɗauka cewa mai kwamfuta shi ne ya buɗe asusun da kansa, yana riƙe da imel ɗinsa da lambar wayarsa shekara da shekaru. Mu dubi yadda abin yake faruwa a wurinmu. Ɗaliba ta sayi laftof ɗan gwanjo, mai shago ya girka mata Windows, girkin ya nemi asusu, yaron shago ya buɗe wani nan take ko ya shiga da nasa don aiki ya yi sauri. Ba wanda ya ambaci kullewa, domin shi ma yaron bai san ta auku ba. Bayan shekara biyu, ana tsakiyar rubutun kundin digiri, caja marar kyau ta ƙona bod. Mai gyara ya ce ba komai, faifan lafiyarsa ƙalau, ya zare ya jona a tasa kwamfutar, sai ga tambayar lambobi 48. Ya tambaye ta imel ɗin da aka yi amfani da shi, ta ce ita dai a kunne aka ba ta. Ko da nata ne, sau da yawa kalmar sirrin ta tafi, layin da za a turo wa lambar tabbatarwa kuma yana cikin wayar da aka ƙwace, ko an rufe shi an sayar wa wani. A nan mai gyara yakan ce, Hajiya sai dai a yi fomatin. Gaskiya ya faɗa, ba abin da ya rage.

Wannan ce asarar da ta fi damuna, domin ba a yi wani zaɓi a cikinta ba. Ɗalibar ba ta auna sirri da asara ta ɗauki ɗaya ba. An ɗora mata haɗarin kullewa, mabuɗinta kuma yana hannun baƙo, wato ta rasa duka biyun.

Akwai kuma matsalar allon rubutu. Kalmar sirri da Hausa abu ne mai kyau, amma allon da ke karɓar kalma kafin babbar manhaja ta tashi bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. VeraCrypt, idan faifan tashi aka kulle, da tsarin allon Amurka yake karɓar kalma. A Nijar da Kamaru da Cadi, inda allon Faransanci ya yawaita, gurbin A da Q a sauye yake, haka Z da W, lambobi kuma sai an danne maɓallin manyan haruffa. Mutum na iya buga kalmarsa daidai, na'ura ta karɓi wata daban. Hanya mafi aminci ita ce kalmomi masu yawa da ƙananan haruffa marasa ƙugiya. Tsarin da Arnold Reinhold ya fito da shi a 1995, na zaɓen kalmomi ta hanyar jefa ɗan ludo daga jeri mai kalma 7,776, yana ba da ƙarfin kusan bit 77 da kalmomi shida, wanda ya wuce abin da mai gwaji zai cim ma. Sharaɗin shi ne ƙuri'a ta zaɓa. Karin magana ko baitin waƙa ko sunayen 'ya'ya ba su cika wannan sharaɗi ba.

Sai mutuwa, wadda littattafan fasaha ba su cika ambata ba. Ɗan kasuwa ya rasu, lissafin wanda yake bi da wanda ke binsa yana cikin kullallen laftof. Ba a raba gado sai an biya bashi, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Rubutun da magada ba za su iya buɗewa ba bai sauke wannan nauyi ba. Wanda ke riƙe da haƙƙin wasu a kwamfutarsa ba shi da ikon zaɓar sirrin da zai bi shi kabari. Adi Shamir ya nuna tun 1979 yadda za a raba sirri kashi-kashi, misali biyar, ta yadda kowane uku za su iya haɗa shi amma biyu ba za su san komai ba, kuma akwai manhajojin kyauta da ke yin haka. Ga yawancin iyalai ma abin bai kai nan ba: ambulan da aka like, aka sa hannu a bakinsa, aka ajiye tare da takardun gida, ya wadatar.

Doka ma haka take kallon lamarin. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a nauyin kare su daga shigar wanda ba shi da izini, da kuma ɓacewa ko lalacewa, ta kuma ba shi sa'o'i 72 ya sanar da hukumar NDPC idan an sami ɓaraka mai haɗari. Asibitin da ya kulle bayanan majiyyata ya ɓatar da mabuɗi bai fi wanda aka sace nasa a buɗe tsira ba.

Yadda zaɓin ya kamata ya kasance

Tsarin da nake ba da shawara yana farawa ne da kwafi, kullewa ta biyo baya. Ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, ta kwafi uku a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban, ta fi zama dole ga kullallen faifai, tunda an rufe ƙofar tono. Kwafin ma a kulle shi, in ba haka ba an tsare ƙofa ne an bar taga, amma da mabuɗin da bai dogara da kwamfutar farko ba. Wanda ba shi da halin sayen faifai na biyu, gara ya kulle babban fayil ɗaya da VeraCrypt ya zuba abin da ke buƙatar sirri a ciki, ya bar sauran a buɗe.

Ga malami da ɗalibi da ɗan kasuwa, waɗanda abokin gabarsu ɓarawo ne ko mai gyara mai leƙe-leƙe, BitLocker ko FileVault sun isa, kuma barin mabuɗi a asusun kamfani ba laifi ba ne, muddin asusun nasu ne, sun kuma rubuta lambobin a takarda sun ajiye nesa da jakar laftof. Ga ɗan jarida da lauya da ma'aikacin agaji a yankin rikici, waɗanda sunan da ke faifansu na iya jawo a kashe wani, asarar bayanai ta fi sauƙi a kan fallasarsu. Su ne ya kamata su ɗauki LUKS ko VeraCrypt, ko BitLocker mai PIN da aka cire mabuɗinsa daga asusu, su karɓi haɗarin da idonsu a buɗe. Ma'aikatu kuwa, jami'a ko asibiti, mabuɗan ceto su kasance a hannun ofis ba a hannun ma'aikaci ɗaya ba, da kwafin da ba ya kan saba, a ƙarƙashin mutum biyu.

Akwai kuma bayanan da kulle su kuskure ne. Hotunan tsofaffin rubuce-rubucen ajami, da muryoyin da aka naɗa na tarihin baka, da kundayen da aka riga aka kare, an tara su ne don a karanta, kuma ana so su kai shekara hamsin, alhali ba wanda zai lamunce cewa kalmar sirri za ta wuce shugabannin sashe uku. Sunayen masu ba da bayani da suka nemi a sakaya su ne kawai za a ware a kulle.

Ko wace hanya aka ɗauka, mabuɗin ceton da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Lamba ɗaya da aka kwafa ba daidai ba cikin 48, ko mabuɗin tsohon girki da aka adana bayan an sake girka Windows, ba a gane su sai ranar buƙata. Kowane mabuɗin BitLocker yana da lambar shaida da ke bayyana a shuɗin allon, don haka a rubuta ta tare da shi, da ranar da aka rubuta. A ranar da aka kulle faifai, tun ba a zuba komai a ciki ba, a buɗe shi sau ɗaya da abin da ke takardar, a kuma dawo da fayil ɗaya daga kwafin ajiya a wata kwamfutar daban. Sashen kwamfuta na kowace jami'a na iya sa wannan gwaji cikin rajistar sababbin ɗaliban digiri na biyu da na uku, tare da duba ko asusun da ke riƙe da mabuɗin laftof ɗinsu nasu ne.